Malamin da Taurari Suka Ba Dariya

Akwai wani irin rubutu da Turawa suka daɗe suna yi, wanda har yanzu bai sami zaunannen suna a bakin Hausawa ba. Waɗansu suna ce masa ƙagaggun labaran kimiyya. Labarai ne na kumbo da taurari, da na'urori masu magana, da halittun da suke zaune a duniyoyin da ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba. Yawancinsu da ɗaurarriyar fuska aka rubuta su, ko dai yaƙi ya ɓarke tsakanin taurari, ko kuwa na'ura ta fi ƙarfin wanda ya ƙera ta. Amma cikin wannan zuriya akwai wani ɗan reshe na masu barkwanci, waɗanda suka ɗauki sararin sama da dukan girmansa suka mai da shi dandalin wasa. Mutumin da za a ba da labarinsa a nan ya yi shekara fiye da talatin yana cin 'ya'yan wannan reshe, bai kuwa ƙoshi ba.

Tsohon malamin makaranta ne a wani gari na jihar Maradi. Yara da manya Mushe suke ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal a Nijar, amma a gida da majami'a Malam ne. Mai bi ne tun yana yaro, shi ne kuma ya yi shekaru yana karanta nassi ran Lahadi, domin muryarsa tana kaiwa har bencin baya. Dukiyarsa ba ta wuce akwatin ƙarfe biyu ba, cike da littattafai, ya barbaɗa busasshen ganyen dogon yaro a tsakaninsu saboda gara. Wanda ya ara bai mayar ba, ko bayan shekara biyar ne, in sun gamu a jana'iza sai Malam ya tuna masa.

Da Hausa ya fara sanin daɗin labarin tafiya mai ban dariya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ya karanta shi har takardun suka yi laushi kamar tsumma, musamman wuraren da Alhaji da Malam Zurƙe suke yi wa juna ƙeta. Bayan haka wani ɗan kasuwa ya kawo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, labarin yaron nan Kilba da aka ɗauke shi zuwa sama. A nan ya gane ashe Bahaushe ma yana iya hawa can da alƙalami. Da ya shiga makarantar horon malamai kuma sai ya gamu da Micromégas na Voltaire, ɗan ƙaramin littafi na 1752. Wani ƙato ne daga wajen tauraron Sirius, tsawonsa ƙafa 120,000, ya zo yawon buɗe ido tare da abokinsa na duniyar Satun, wanda shi gajere ne, bai wuce ƙafa 6,000 ba. Suka tsinci jirgin ruwa cike da masana, suka ɗora a tafin hannu, suka saurari gardamarsu, har dariya ta kusa kashe su da suka ji ɗaya yana cewa domin mutum aka yi dukan taurari. Da za su tafi, ƙaton ya bar musu littafin da ya ce zai bayyana ƙarshen kome. Aka kai Paris aka buɗe, sai ga takardu farare fat. 'Yan ajinsu sun haddace wannan domin jarrabawa suka manta, shi kuwa ya zauna masa a rai.

Littafin da ya kama shi sosai, cikin kuskuren ciniki ya same shi. A hutun 1988 ya je Yamai, ya tsaya wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, yana neman abin da zai koya wa 'yan ajinsa taurari da shi, gama sun san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, amma ba su san nisansu ba. Ya ga wani wanda bangonsa ya yage, sunansa da Faransanci Le Guide du routard galactique, wato jagoran matafiyi a cikin taurari. Ya ce ya samu. Ya biya, ya cusa a jaka, bai buɗe ba sai da ya koma gida.

A daren nan uwargidansa ta farka ta tarar da shi zaune gaban fitila, hawaye na zuba, kafaɗunsa na rawa.

Ta ce, "Malam, lafiya kuwa? Wa ya rasu?"

Ya ce, "Uwargida, an rushe duniya."

Ta dube shi, ta ga ashe dariya ce ta hana shi numfashi. Ta ce, "To, shi ne abin dariya? Kashe fitilar nan, kananzir ba kyauta ba ne."

Mai littafin wani Bature ne ɗan Ingila, Douglas Adams, an haife shi a Kambirij a 1952. Labarin a rediyo ya fara, a gidan BBC, ran 8 ga Maris 1978, kashi shida, sa'an nan ya zama littafi a 1979 da sunan The Hitchhiker's Guide to the Galaxy. Shi Adams ya sha ba da labari cewa dabarar ta zo masa a 1971, yana kwance a wata gona kusa da Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, ya sha ya yi tatil, aljihu ba kome, a hannunsa akwai littafin jagora na masu yawon Turai da roƙon a rage musu hanya. Ya dubi taurari, ya ce ya kamata wani ya rubuta irinsa domin can. Fassarar Faransanci ta Jean Bonnefoy ta fito a 1982, mai fassarar kuwa ya sake wa mutanen sunaye. Arthur Dent ya zama Arthur Accroc, Ford Prefect ya zama Ford Escort, shugaban taurari mai kai biyu da hannu uku, Zaphod Beeblebrox, ya zama Zappy Bibicy. Malam, wanda ba ya barci sai ya ji Sashen Hausa na BBC, ya ga sunan gidan rediyon a ɓoye cikin wannan na ƙarshe, ya yi murna kamar ya tsinci kuɗi.

Ga yadda labarin ya soma. Wata safiyar Alhamis Arthur ya tashi ya ga katafila a ƙofar gidansa, za a rushe gidan domin a yi hanyar mota. Ya je ya kwanta cikin taɓo a gabanta. Jami'in da ya zo ya ce masa ai an yi wata tara da kafa sanarwa, laifinsa ne da bai je ya duba ba. Ashe sanarwar tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ba fitila, matakalar ma ta karye, cikin akwatin takardu a kulle, akwatin kuma cikin wani tsohon makewayi da aka liƙa wa gargaɗi cewa a yi hankali da damisa. Kafin a gama wannan gardama sai ga manyan jiragen waɗansu halittu, Vogon, sun rufe sama, suna shela cewa za a rushe duniya ɗungum domin a yi babbar hanya tsakanin taurari. Da mutane suka yi kuka, sai aka amsa musu cewa takardun aikin sun yi shekara 50 a kafe a ofishin da ke tauraron Alfa Sentori, wanda haske ma, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai ya yi shekara huɗu da 'yan kai kafin ya isa. Wanda bai kula da harkar unguwarsu ba, kada ya zargi kowa. Suka rushe ta. Arthur kaɗai abokinsa Ford ya fizge, gama shi Ford baƙo ne daga wajen tauraron Betelgeuse, ya zo aikin mako guda ya maƙale shekara 15, ya kuma ɗauki sunan mota domin ya zaci motoci ne masu garin.

Wannan wuri na ofis Malam ya fi so tun farko, amma sai bayan ya yi ritaya ya san zurfinsa. Ya shekara biyu yana zirga-zirga kan takardun fanshonsa. Yau a ce hatimi bai fito sosai ba, gobe a ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Wata rana, bayan ya kwana a mota, aka ce masa saura takarda ɗaya, ta shaidar cewa yana da rai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ni tsaye a gabanka." Aka ce tsayuwa ba takarda ba ce. A shekarun nan uwargida ce ta riƙe gidan da suyar ƙosai, wani abokin aikinsa kuma da suke jeren layi tare ya rasu bai ga ko dala ba. Ba abin wasa ba ne, Malam kuwa bai taɓa cewa wasa ne ba. Sai dai duk sa'ad da zai tafi yakan rataya tawul a kafaɗa, domin littafin ya ce tawul ne kayan da ya fi kome amfani ga matafiyin taurari, yakan kuma zauna a benci yana duban ma'aikatan yana raba musu muƙamai a jirgin Vogon. Waɗanda suke kusa da shi suna tsaki suna zagi, shi kuwa yana murmushi, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko an riga an biya shi ne. Su Vogon ɗin, in ji littafin, ba mugaye ba ne can can, masu bin ƙa'ida ne kawai da baƙin rai, ba za su ceci kakarsu daga bakin dodo ba sai an kawo umarni a rubuce, an sa hannu sau uku, an ɓatar, an gano. Mawaƙa ne kuma, waƙarsu ce ta uku wajen muni a dukan halitta, da ita suke azabtar da fursuna. Malam yakan ce ya gode Allah da nasa ma'aikatan ba su waƙa.

Sauran littattafan a hankali ya tara su, ɗaya daga hannun wani likita Bature da zai koma gida, ɗaya wani tsohon ɗalibinsa ya aiko daga Kwatano. Biyar ne Adams ya rubuta: na biyu a 1980, na uku a 1982, na huɗu a 1984, na biyar a 1992. A na biyun akwai labarin da ya riƙa karanta wa abokan shayinsa a 1994, bayan da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu, kaya suka yi tashin gwauron zabo. Wata duniya ce ta so ta rabu da mutanen da take gani ba su da amfani, masu shirya taro da masu ba da shawara da masu goge wayar tarho, sai aka ruɗe su aka zuba su a jirgi aka tura. Suka faɗo wata sabuwar ƙasa, suka kafa kwamiti, ba su ƙera ko ƙafar amalanke ba domin ba su daidaita kan launin da za a shafa mata ba. Suka mai da ganyen itace kuɗi, kowa ya zama attajiri dare ɗaya, har gyaɗa ƙwaya ɗaya ta kai kurmi uku. Maganin da suka samo shi ne su ƙone kurmin. Waɗanda suka kore su kuwa, cutar da aka ɗauka daga ƙazamar wayar tarho ce ta share su duka. Abokan shayin, waɗanda yawancinsu ba su jin Faransanci, sai Malam ya juya musu da Hausa, suka yi ta sa shi ya maimaita. Sun ji tausayin Arthur ƙwarai da suka ji ya ratsa sararin sama yana neman shayi, na'ura tana ba shi wani ruwa mai kama da shayi ta nesa. Ɗaya ya ce wannan ita ce masifar, rushe duniya mai sauƙi ne.

Akwai kuma maganar 42, wadda ko waɗanda ba su karanta littafin ba sun ji ta. Waɗansu halittu masu basira suka gaji da gardama kan ma'anar rai, suka ƙera babbar kwamfuta suka ce ta ba su amsar rai da halitta da kome da kome. Ta ce su dakata. Ta yi shekara miliyan bakwai da rabi tana lissafi, jikokin jikoki suka taru ranar buɗe baki, ta ce amsar ita ce 42. Da suka fusata, ta ce musu amsa daidai take, su ne ba su taɓa sanin mece ce tambayar ba. Domin a gano tambayar aka ƙera wata kwamfutar da ta fi ta, ita ce duniyar nan, aikin shekara miliyan goma, ɓeraye ne kuwa suka ba da kwangilar. Saura minti biyar a gama Vogon suka rushe ta. Malam yakan ajiye wannan kusa da fararen takardun Micromégas, ya ce ɗan Faransa ya hana amsa, ɗan Ingila ya bayar, duk biyu kuwa hannu wofi aka tashi. Ya lura kuma Littafin Ayuba sura 42 gare shi, a can ma mutum ya nemi amsa aka tare shi da tambayoyi. Amma ba ya ɗora kaya a kan wannan, gama Adams da bakinsa ya ce lambar ba ta da wani asiri, ya zaɓe ta ne kawai domin ta yi kama da lambar da ba ta da laifi.

A nan ne fa abin ya taɓa ikilisiya. Malam yana ba samari aron littattafan, wani dattijon ikilisiya kuwa ya ji daga bakin ɗansa cewa marubucin bai gaskata akwai Allah ba. Bayan sujada ya ja Malam gefe, ƙarƙashin itace.

Ya ce, "Malam, abin da na ji gaskiya ne?"

Malam ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Yana saurayi mai bi ne, daga baya ya bari, bai kuwa ɓoye ba."

"To, kai mai karanta mana nassi, me ya haɗa ka da shi?"

Malam bai yi gardama ba. Ya je gida ya ɗauko littafin, ya buɗe wurin da ya fi kowane kaifi, ya fassara masa. Wani ɗan kifi ne rawaya, wanda in ka sa shi a kunne za ka ji kowane harshe, an ba shi sunan hasumiyar Babila ta Farawa sura 11. Littafin ya kawo hujjar wani mutum cewa kifi mai amfani haka ba zai samu da kansa ba, saboda haka ya tabbatar akwai Mahalicci, amma tun da bangaskiya ba ta tafiya da tabbaci, to, tabbacin ya kawar da Mahaliccin. Malam ya ce, "Baba, ka ji sauran." Mutumin nan, da ya ga ya yi nasara, sai ya ci gaba ya tabbatar baƙi fari ne, mota ta take shi a wurin tsallaka titi, inda aka ja layin baƙi da fari. Kifin kuma, da ya sa kowa ya ji abin da kowa yake faɗi, ya jawo yaƙe-yaƙe fiye da kome a tarihi.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce mai hankali zai ga wanda aka yi wa ba'a, amma yaro ɗan shekara goma sha biyar rabin farko zai riƙe. Yana da gaskiyarsa. Adams ba wasa kaɗai yake yi ba, aminin Richard Dawkins ne, wanda ya sadaukar masa da littafinsa na musun Allah a 2006, wanda kuma ya ce duk barkwanci ne bai karanta da kyau ba. Malam ma yana da tasa, gama samarin nan za su gamu da wannan hujja ko ba jima ko ba daɗe, daga bakin waɗanda ba za su nuna musu motar ba. Suka rabu a kan cewa ba zai ƙara ba ƙananan yara aro su tafi da shi ba, sai dai su zo su karanta a zaurensa, yana nan. Dattijon bai taɓa cewa ya gamsu ba har ya rasu. Sau ɗaya dai, wajen wata biyu bayan maganar, ya tsai da Malam a hanya ya ce in da za a sami kifin nan, da ya saya wa surukarsa Bazabarma.

Adams ya rasu ran 11 ga Mayu 2001 a Kalifoniya, ciwon zuciya, yana da shekara 49. Tun daga shekarar masu ƙaunarsa suke yawo da tawul kowace 25 ga Mayu. Littafinsa na biyar baƙin ciki ya yi masa yawa, shi ma ya yarda ya rubuta shi cikin mummunar shekara, ya so ya ƙara na shida ya gyara, kwana ya ƙare. Malam sau ɗaya ya karanta na biyar ɗin, ya sa shi can ƙasan akwati.

Yanzu idanunsa sun yi yana, ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, karatun nassi ma wani saurayi ya karɓa. Jikarsa ce take karanta masa da yamma daga wayarta, bugun baya, wanda aka mayar wa mutanen sunayensu na Ingilishi. Duk sa'ad da ta ce Dent sai ya ce Accroc, ta ce, "Kaka, haka aka rubuta," ya ce an rubuta ba daidai ba. Ba wuri ɗaya suke dariya ba. Maganar ofis ba ta dame ta ba tukuna. Ita Marvin take so, mutum-mutumin ƙarfen nan mai ƙwaƙwalwa kamar girman duniya, wanda aka sa shi aikin buɗe ƙofa da rakiyar baƙi, kullum yana ƙorafin ciwo a gefensa na hagu. Ta ce sak yayanta ne da ya gama jami'a yana sayar da katin waya. Littafin jagora mai magana, wanda ya san kome amma rabin abin da ya sani kuskure ne, bai ba ta mamaki ba ko kaɗan, ta ce ai ga shi a hannunta. Shi kuwa har yanzu yana jin daɗin tsohon nan mai zāna gaɓar teku, wanda ya ci lambar yabo saboda lungunan ruwan Norwe, da aka ba shi Afirka a sabuwar duniya ya ce nan ma lunguna zai yi. Malam ya ce da an bar shi ya gama, da Nijar ta sami teku.

Ya hana ta buɗe na biyar, ta kuwa riga ta karanta a ɓoye, ya sani, ba wanda ya ta da maganar. In sun kai ƙarshen na huɗu sai su koma na fari. Akwai wurin da ba ya bari a wuce da sauri, inda wani ƙaton kifin teku ya samu kansa kwatsam a sararin sama, sabon halitta, yana faɗowa, yana murna yana raɗa wa kome suna, wutsiyarsa da iskar da take kaɗa shi, har ya hango wani abu mai faɗi yana tahowa da gudu, ya sa masa suna ƙasa, yana fata za su yi abota.

Yakan ce, "Amarya, koma baya kaɗan. Daga inda ya gano wutsiyar."